Wuƙa ko Haƙuri: Tarihin Wani Ciwon Kafaɗa

Ranar da mahaifina, masaƙi, ya kasa ɗaga hannu ya sa riga, likitoci biyu suka raba mana hankali. Ɗaya ya ce tiyata, ɗaya ya ce gashi da motsa jiki. Wannan saɓani ne ya sa na bi sawun maganar.

A shekarar 1972, Charles Neer, likitan ƙashi a Amurka, ya bayyana cewa ƙashin da ya rufe saman kafaɗa ne ke gogar jijiyar da ke ƙarƙashinsa, don haka a kankare shi. Bayanin ya kwanta wa likitoci a rai. Da aka fara aikin ta ƙaramar kafa da kyamara a shekarun 1980, sai ya bazu. A Ingila kaɗai, ya tashi daga kusan 2,500 a 2000 zuwa fiye da 21,000 a 2010.

Alhali tun 1993 wani bincike a Norway ya nuna cewa motsa jiki ƙarƙashin kulawar ƙwararru ya yi kunnen doki da wuƙa. A 2018 aka wallafa gwaje-gwajen Birtaniya da Finland, inda aka leƙa kafaɗun wasu majinyata da kyamara ba tare da an kankare komai ba. Sauƙin da suka samu kusan ɗaya ne da na waɗanda aka kankare. A 2019, kwamitin ƙwararru a mujallar BMJ ya ce a daina aikin ga wannan ciwo.

Bayani mai daɗin ji ya shekara arba'in da doriya kafin a auna shi da gaske. Mahaifina ya zaɓi gashi. Bayan wata biyar ya koma kan masaƙarsa.