Fiyano mai wutsiya da tarihin kula da shi a cikin gida

A shekarar 1818 wani babban fiyano ya iso birnin Viyana daga Landan, kyautar da masana'antar Broadwood ta aika wa Ludwig van Beethoven. A 1824 wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Johann Andreas Stumpff ya kai masa ziyara, sai ya tarar tsirkiyoyi da yawa sun tsinke sun harɗe da juna, muryoyin sama kuma sun mutu. Kunnen mai gidan ya riga ya toshe, yana dukan maɓallai da ƙarfi ba ya jin ɓarnar. Shekara shida suka isa lalata ɗaya daga cikin mafi kyawun fiyanon zamaninsa, domin wannan kayan kiɗa ba ya daɗewa sai da hannun mai kula.

Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro fiyano a birnin Fulorans na Italiya wajen 1700. Uku daga cikin aikinsa suna nan har yau, na 1720 da 1722 da 1726. Siffarsu ta fuffuke ce a kwance, irin wadda Faransawa ke kira mai wutsiya. Gangar jikin duka katako ce, tsirkiyoyin kuma sirara. Da makaɗa suka nemi amo mai ƙarfi, sai aka ƙara wa tsirkiya kauri da ɗauri, katako ya fara lanƙwashewa. Maganin ya fito daga Boston ta Amurka: Alpheus Babcock ya yi rajistar ƙashin zubin ƙarfe a 1825, Jonas Chickering ya daidaita shi ga mai wutsiya a 1843. Babban fiyano na yau yana da maɓallai 88 da tsirkiyoyi wajen 230, jansu gaba ɗaya yana kusan tan 20.

Wannan nauyi ya canja al'adar gida. A da, mai kayan kiɗa na tsirkiya shi ke daidaita muryarsa da kansa. Da fiyano ya cika gidajen attajirai da ma'aikata a ƙarni na 19, sai daidaitawa ta zama sana'a. Cikin manyanta akwai Claude Montal, makaho Bafaranshe da ya yi karatu a makarantar makafi ta Paris. Ya koyi cikin fiyano ta hanyar kwance shi da sake haɗawa, kuma a 1836 ya wallafa littafi kan yadda mutum zai daidaita nasa. Ta dalilinsa sana'ar ta zama abin dogaro ga makafi da dama a Turai.

Ƙarfe ya magance lanƙwasa, amma bai magance iska ba. Allon da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda shi ke ba da amo, katako ne har yanzu. Da laima yakan kumbura, murya ta hau. Da fari yakan tsuke, murya ta sauka, wani lokaci ya tsage. Duk mai ganga ya san yadda fata ke jin shigowar damina, to haka wannan allo yake jin sauyin yanayi. Shi ya sa da likita Albert Schweitzer ya tafi Lambarene ta Gabon a 1913, ƙungiyar Bach ta Paris ta ba shi fiyano da aka shafe cikinsa da tutiya saboda laima da gara. A ƙasashen Sahel kuwa, bushewar hunturu da ƙurarsa su ne babbar barazana.

Daga wannan tarihi ƙa'idojin gida suka fito. Ana nisanta fiyano daga rana da taga da murhu, a nemi laima ta tsaya wajen kashi 45 cikin ɗari, a kira mai daidaitawa sau biyu a shekara. Ana rufe murfi bayan kiɗa don ƙura, ba a ɗora tulun furanni ko abin sha a kai. Maɓallai ana goge su da ƙyalle mai laushi da ɗan danshi, daga ciki zuwa baki, a tsane nan take. Tsofaffin maɓallan hauren giwa suna yin rawaya cikin duhu, ruwa kuma yana ɓamɓare su, ga shi musanya su ya yi wuya tun da aka haramta cinikin hauren tsakanin ƙasashe a 1989. Tsirkiya ba a taɓa ta da hannu, gumi na jawo tsatsa. Ƙananan gudumomin da aka lulluɓe da matsattsen gashin tunkiya kuwa, aikin gwani ne.

Fiyanon Beethoven bai halaka ba. Ya shiga hannun Franz Liszt, wanda ya ba da shi ga gidan tarihi na ƙasar Hungari a Budafes. An gyara shi a 1991, kuma a 1992 jama'a suka sake jin muryarsa.