Sarbo: Yadda Hannun Matuƙin Jirgi Ya Koma Cikin Ɗan Akwati

Yau ƙananan jiragen ruwa na wasa za mu taɓa, waɗanda iska ke turawa, mai su yana bakin tafki da rimot a hannu. A cikin kowannensu akwai wata 'yar na'ura da ake kira sarbo. Ita ke juya sitiyari, ita ke jan igiyar filafili, wato ƙyallen da iska ke bugawa. In ta gaza, jirginka ya zama na iska, sai dai ka bi shi da ido.

Abin da ya fi burge ni shi ne a teku aka haifi sarbo. A ƙarni na 19 jiragen tururi sun yi girman da juya sitiyarinsu ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A 1866 John McFarlane Gray ya ƙirƙiro injin tururi mai juya sitiyari, aka ɗora shi a katafaren jirgin nan Great Eastern. Hikimar ita ce injin yana bin hannun matuƙi: iya inda ka murɗa, nan zai kai ya tsaya. Bafaranshe Joseph Farcot ne ya yaɗa sunan a littafinsa na 1873, daga kalmar Latin mai nufin bawa.

Su kuwa masu ƙananan jirage, a Landan suna da ƙungiya tun 1876, kuma tafkin Round Pond ya yi suna da wannan wasa. Babu rimot. Ka ɗaure igiyoyi, ka saki jirgi, ka zagaya da gudu ka tare shi a ɗaya gaɓar. Nikola Tesla ya nuna jirgi mai bin umarnin rediyo a New York a 1898, amma nasa da batir yake tafiya. Sai da taransisto ya zo, kuma a shekarun 1960 aka samu rimot da sarbo ke bin motsin yatsa daidai gwargwado, sannan dabarar Gray ta shige cikin akwatin da bai fi na ashana da yawa ba.

To a nan matsala ta taso. Sarbon yau da kullum, irin Futaba S3003, ƙarfin murɗawarsa bai wuce kilo 3 zuwa 4 a santimita ba. Ya ishi sitiyari. Filafili fa? Jirgin ajin Marblehead, wanda aka fara a Amurka a shekarun 1930, tsawonsa inci 50 ne, ƙyallensa ya kai kusan rabin murabba'in mita. Ita kuma iska ba ta da tausayi: gudunta ya ninka biyu, matsinta ya ninka huɗu.

Mafita biyu aka samu, har yau su ake zaɓa. Ta farko sarbo mai dogon hannu, kamar Hitec HS-815BB mai kusan kilo 24 a santimita. Ku lura da kyau, nan ne lambar da ke jikin kwali ke yaudarar mutane. Kilo 24 ɗin a nisan santimita 1 ne daga tsakiya. Ka sa hannu mai santimita 12, abin da zai ja ya dawo kilo 2. In ka bi da igiyar ta zobe don ta ninka tsawon ja, ya koma kilo 1, ban da abin da gogayya ta cinye. Kuma wannan lamba ta lokacin da sarbon ya cije ya tsaya ce, yana zuƙar batir yana zafi. Ni dai rabinta nake lissafi da shi.

Ta biyu mai ƙwarƙwaro ce, tana naɗe igiya kamar zare. HS-785HB na zagayawa sau uku da rabi, ƙarfinsa wajen kilo 13 a santimita kawai, amma da yake ƙwarƙwaron siriri ne, janta ya fi na mai hannu nesa ba kusa ba. Illarta jinkiri, da kuma igiya da ke harɗewa in ta yi sako-sako.

Ajin gasa na mita ɗaya, da aka kafa a 1988, ya yarda da sarrafa abu biyu kacal: sitiyari da igiya. Jirgin ba zai gaza kilo 4 ba, kuma yana da filafilai girma uku. Shi ya sa in iska ta tsananta gwanaye ba sa neman ƙaton sarbo, ƙaramin ƙyalle suke ɗaurawa. A ƙaramin jirgi ma irin DragonForce 65, mai santimita 65, ƙaton sarbo nauyi ne kawai zai ƙara maka a inda ba ka so. Ka auna tsawon igiyar da za a ja tukuna, sannan ka tambayi farashi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.