Ruwa da tsafta a ƙananan asibitoci: ma'aunin da ake bi da inda Najeriya take

Cibiyar kiwon lafiya a matakin farko wuri ne da 'yan Najeriya da dama ke zuwa awon ciki, haihuwa da rigakafin yara. Akwai irin waɗannan cibiyoyi kimanin 30,000 a ƙasar, kuma Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, ce ke tsara manufofinsu.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF, ba a cewa asibiti na da ruwa sai in akwai ingantaccen famfo, rijiyar burtsatse ko rijiya mai murfi a cikin harabarsa. Banɗaki kuwa sai an ware na ma'aikata, na mata da kuma wanda masu buƙata ta musamman za su iya shiga. Ana buƙatar ruwa da sabulu cikin tazarar mita 5 daga banɗaki, a kuma raba shara gida uku, allura da reza su kasance a akwatinsu daban.

Hukumar ta ƙiyasta lita 5 ga duk wanda ya zo ganin likita, lita 40 zuwa 60 a rana ga wanda aka kwantar, da lita 100 ga kowace haihuwa. Inda babu wannan, dangin mai naƙuda ne ke sayo jarka daga 'yan garuwa, ungozoma ta yi ta tattalin ruwan, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke samun hanyar shiga jinin mai jego ko cibiyar jariri.

Rahoton hukumomin biyu na 2022 ya nuna cewa rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken wurin wanke hannu.

A Najeriya, shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsaftar muhalli a watan Nuwamban 2018. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware kashi 15 cikin 100 na Asusun Kiwon Lafiya a Matakin Farko domin gine-gine, kayan aiki da sufuri. Sai dai haƙa burtsatse ya fi kula da ita sauƙi: injin jan ruwa kan lalace, a rasa wanda zai gyara tsakanin ƙaramar hukuma, hukumar lafiya ta jiha da hukumar ruwan karkara.