Uraniyom na Ayar da wutar Faransa

A shekara ta 1957 ne masu binciken ma'adinai na Faransa, suna neman jan ƙarfe a Azelik, suka ci karo da uraniyom, watau ma'adinin da ake tsaga ƙwayarsa a sami zafi mai tafasa ruwa, tururin kuma ya juya injin lantarki ba tare da hayaƙin gawayi ba. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya soma haƙa a Arlit a 1971.

Darajar ma'adinin ta bayyana a 1973, sa'ad da kuɗin man fetur ya ninka wajen sau huɗu. Faransa ba ta da man kirki a ƙasarta. Saboda haka, a watan Maris na 1974, firaminista Pierre Messmer ya yi shelar gina tashoshin nukiliya da dama, domin ƙasar ta sami wuta mai araha wadda ba ta yankewa. Shugaba Diori Hamani ya ga haka, ya nemi a ƙara wa Nijar farashi. Ba a kammala maganar ba, sojoji suka kifar da shi ran 15 ga Afrilu 1974.

Kamfanin COMINAK ya fara aiki a Akuta a 1978, kuma a 1981 abin da Nijar ta haƙo ya wuce tan 4,000. Daga nan farashi ya faɗi, baitulmali ya shiga ƙunci. Faransa kuwa ta kai matsayin da kashi 70 cikin 100 na wutarta ke fitowa daga nukiliya.

Ko gram ɗaya na wannan ma'adini bai zama wuta a Nijar ba. Ma'adinan kansu da gawayin SONICHAR na Anu Araren aka haskaka su tun 1981, Yamai kuma ta dogara da layin da ya taso daga Birnin Kebbi tun 1976, wanda Nijeriya ta katse a watan Agusta na 2023.

A Disamba 2023, a Dubai, ƙasashe fiye da 20 suka yi alkawarin ninka wutar nukiliya sau uku kafin 2050. An rufe COMINAK a 2021, gwamnati kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yuni 2025. Tambayar da Diori ya yi a 1974 ta sake dawowa: wa zai yanke farashi, kuma wane gida ne wutar za ta haskaka?