Bushiya, huda kunne, da allurar da ke ruɗa gwajin jini

Makiyayi ɗan'uwa, kai da kake koro shanu ta Paga zuwa kasuwar Tulaku, da kai mai kawo raguna Nima da Maamobi gab da Babbar Sallah, tambayi dattawan rugarku labarin bushiya. Cutar ta shigo Afirka ta tashar Massawa wajen 1887, cikin 'yan shekaru ta iso ƙasashenmu, ta kwantar da garkuna, ta mai da masu dukiya masu roƙo.

A 1962 aka fara gagarumin rigakafin da ake kira JP15 daga yankin Tafkin Chadi, wato Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru, daga baya ya game yamma har Gana. Duk saniyar da aka yi wa allura sai a huda mata kunne. Ka san dalili? Jinin saniyar da aka yi wa allura da na wadda ta yi ciwon ta warke, a gwaji kamanninsu ɗaya. Kunnen ne shaida.

Aka ɗauka an gama, aka saki jiki. Farkon shekarun 1980 bushiya ta dawo, a 1983 ta yi wa arewacin Nijeriya mummunar ɓarna. Da aka sake shiri a 1986, an buɗe cibiyar PANVAC a Dakar da Debre Zeit ta Habasha don a riƙa gwada allurar kanta, domin an tarar da yawa cikin kwalaben da ake yawo da su ba su kai ma'auni ba. Wajen 1988 aka ga cutar a karo na ƙarshe a Afirka ta Yamma, a yankin Gana da Burkina Faso.

To, ga abin da ya ɗaure wa makiyaya kai a lokacin: likitocin dabbobi da kansu suka ce a daina allurar. Ba rowa ba ce. Sai an samu maruƙan da ba a taɓa yi wa allura ba, a ɗebi jininsu a ga babu alamar komai, kafin a yarda cutar ta bar ƙasa. Da irin wannan shaida aka ayyana ƙarshen bushiya a duniya a 2011.

Ciwon baki da kofato, wanda har yau yake hana shanunka kiwo, nasa lissafin daban ne. Idan ƙwayar cutar tana hayayyafa a jikin dabba, takan fitar da wasu sinadarai, kuma martanin jiki a kansu ne gwaji yake nema. Allurar da aka tace sosai an cire mata su, don haka jinin saniyar da aka yi wa ita zai fito fes. Wadda ba a tace ba fa? In aka maimaita ta sau da yawa, saniya lafiyayya sai gwaji ya nuna kamar ta kamu. Daga nan sai a tsare garke a iyaka, kuɗin ciyawa na tafiya, shanu na ramewa, ko kuma ma'aikata su bi sawun cutar inda babu ita alhali tana can wani wuri.

Shi ya sa, a ganina, kwalbar da wani ya zaro daga jaka a kara, ba takarda, ba ƙanƙara, arharta ta banza ce. Yanzu kuma an sa 2030 a gaba don kawar da annobar awaki da tumaki ta PPR, kuma jinin dabbobinka za a sake ɗiba. In an yi musu allura, ka nemi a rubuta maka sunanta, lambar kwalba da ranar, ka ajiye takardar tare da ta ketare iyaka.