Markus Rühl: Bajamushen da bai ci babban kofi ba amma ya ci suna

Jiya da yamma a wurin ɗaga ƙarfen da ke bayan hostel ɗinmu, wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya tsaya gaban wani tsohon hoto a bango ya ce, "Yaya, wannan mutum ne kuwa, ko kwamfuta ce ta haɗa shi?" Na ce wallahi mutum ne, Markus Rühl ke nan. Na yi masa alƙawarin tarihinsa, to ga shi.

An haife shi a Darmstadt ta ƙasar Jamus a 1972. Ɗan ƙwallo ne siriri, nauyinsa bai fi kilo 55 ba. Rauni ya ji a gwiwa, likita ya ba shi shawarar ɗaga ƙarfe, daga nan fa abin ya shiga ransa. A 1997 ya ci gasar ƙasarsu ya shiga sahun ƙwararru. Ya ci gasar Toronto a 2000, sai ta Night of Champions a New York a 2002. A lokacin yana hawa dandali da nauyin kusan kilo 130, kafaɗu kamar an ɗora masa tulu biyu.

Amma fa a Mr. Olympia, gasar da ta fi kowacce, na biyar ne iyakarsa, a 2004. Zamanin Ronnie Coleman ne, wanda ya riƙe kofin sau takwas a jere daga 1998 zuwa 2005. Alƙalai suna duba tsari da daidaiton jiki, su kuwa 'yan kallo girma suke so, shi kuma Rühl girman ya kawo musu. Shi ya sa in ya fito ihu ke cika zauren ko da makinsa bai kai ba.

Ga wani abin mamaki. Kofin Olympia ɗin kansa mutum-mutumin Eugen Sandow ne, Bajamushe haifaffen Königsberg a 1867, wanda ake ɗauka uban wannan wasa. Duk da haka har yau ba Bajamushen da ya taɓa ɗaga shi. Kar wani ya ce Arnold, shi ɗan Ostiriya ne.

Bayan ya yi ritaya wajen 2010 sunansa bai dusashe ba. Faifan bidiyonsa irin su Made in Germany suka koma YouTube, matasan Jamus suka riƙa yaɗa barkwancinsa da karin harshen yankinsu na Hessen. Da yawa da suka sha gabansa a maki, yau sai ka bincika kafin ka tuna su.

Sai dai ƙanena, kar hoton ya ruɗe ka. A wannan zamanin ne Andreas Münzer ɗan Ostiriya ya mutu a 1996 yana da shekara 31, kuma an danganta mutuwar da magungunan ƙara ƙwanji. Ka ɗaga ƙarfenka, ka ci wakenka, duk mai zuwa maka da allura ka ce masa a kai kasuwa.