Tafiyar Fuggle Daga Kent

Yau tarihin wata shuka na kawo mana, wadda ba a nomawa a ƙasarmu, sunanta hof. Tana yaɗo ta hau igiya sama da mita biyar, kuma furen macen ne Turawa ke zubawa a giyar sha'ir don ɗaci da ƙamshi, ya kuma hana ta saurin lalacewa.

Manoman hof ba sa shuka ƙwaya. Saiwa suke yanka su dasa, kusan yadda ake dashen rogo, don haka kowace sabuwar shuka uwarta ce sak. Idan an ji bambanci tsakanin gona da gona, ba daga iri ya fito ba.

A 1875 wani manomi a yankin Kent na Ingila, Richard Fuggle, ya fitar da irin da ake kira da sunansa har gobe. Ƙamshinsa na ƙasa ne da itace. Daga baya saiwarsa ta isa kwarin Savinja a Sulobeniya, inda aka raɗa mata suna Savinjski Golding, alhali Golding wani iri ne dabam na Ingila. Bincike ya nuna Fuggle ce, amma ta sauya hali: ƙamshin ya yi sauƙi, ya karkata wajen fure da lemon tsami. Dalili kuwa, a cikin furen akwai wani gari rawaya mai ɗauke da man ƙamshi, kuma yawan man da irinsa na bin ƙasar gona, ruwan sama, zafin rana, har da ranar girbi da yadda aka busar. A ganina kuskuren sunan bai yi ɓarna ba, domin abin da ya fito a Savinja ya cancanci sunan kansa.

A Amurka, masu bincike a jihar Oregon sun haɗa Fuggle da wani iri, aka samu Cascade, aka sake shi a 1972. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutane damar dafa giya a gida, masu wannan sha'awa suka rungumi Cascade saboda ƙamshinsa na ɓawon lemo. Ken Grossman, wanda ya kafa Sierra Nevada a 1980, daga shagon sayar da kayan masu dafawa a gida ya taso, a garin Chico.

Shi ma Cascade da aka kai shi Niyuzilan bai tsaya yadda yake ba, har manoman can suka sauya masa suna zuwa Taiheke. Shi ya sa mai dafawa a gida ba ya tsayawa kan sunan da ke jikin leda, sai ya duba ƙasar da aka noma da shekarar girbi kafin ya biya kuɗi.